Hoton Zafin Jiki Ba Ya Ganin Dajin Mama

Mako uku ke nan wani saƙon murya yana zagaya wayoyin matan Danchuwa. Ni kaɗai sau huɗu aka turo mini shi, daga zauren WhatsApp na Islamiyya, da na 'yan adashi, da na dangi. Muryar wata mata ce mai zaƙin baki, tana shelar wai an kawo na'ura daga waje cikin garin Potiskum, wadda ke ɗaukar hoton zafin jiki. Ba allura, ba matsa mama, ba hasken da ke cutarwa, kuma wai tana hango daji tun shekara goma kafin ya fito. Da farko tsaki kawai na ja na goge. Abin da ya hana ni ci gaba da yin shiru shi ne ranar da na je gaida Goggo, ta ɗaga katifa ta zaro wata takarda mai launuka.

"Ke 'yar nan, karanta mini. Sun ce lafiyata ƙalau."

"To Goggo, ƙullin nan da kika nuna mini tun azumi fa?"

"Ai yaron ya ce in da daji ne, da wurin ya yi ja. Kin ga kuwa kore ne shar."

Lokacin azumi ƙullin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ranar da na sa hannu na taɓa, ya kusa goro. Ta biya kuɗin hoto, ta kuma sayo robobi uku na ƙwayoyin "wankin jini" a wurin mutumin da ya ɗauki hoton.

Na'urar ita kanta ba ƙarya ba ce. Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Kyamarar tana karanta wannan hasken, kwamfuta ta shafa masa launi: wuri mai zafi ja, mai sanyi shuɗi ko kore. Wanda ya bi ta filin jirgi lokacin Ebola a 2014, ko aka ɗora masa 'yar bindigar awo a goshi a ƙofar banki lokacin korona a 2020, ya riga ya haɗu da danginta. Masu gyaran lantarki da 'yan kwana-kwana na cin moriyarta sosai.

Amma fata kawai take gani. A kan wannan magana zan daɗe, domin a nan ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Hasken nan daga saman fata yake tashi, kyamara ba ta ratsa tsoka, ba ta leƙa cikin mama. Manomi ya dafa bangon rumbu da tafin hannu, zai iya gaya maka ko rana ta bugi wannan ɓangaren, amma ba zai iya gaya maka ko gara ta shiga dammunan geron da ke ciki ba. Ƙullin da ke can ƙasa, kitse ya lulluɓe shi, zai iya girma wata da watanni fatar samansa ba ta ƙara ɗumin da za a lura da shi ba.

Kuma kada wani ya ce ai sabon ilimi ne likitocinmu ba su kai gare shi ba. Tsohon zance ne da aka gwada aka ajiye. Wani likitan fiɗa a Montreal ta ƙasar Kanada, Ray Lawson, shi ya lura a 1956 cewa fatar da ke kan wasu dajin mama ta fi ta kewaye ɗumi. Dalilin a fili yake: daji yana jawo sababbin jijiyoyin jini don ya ci ya girma, jini kuwa yana tafe da zafi. Likitoci sun yi murna, sun sa rai. A 1973 Amurka ta fara wani gagarumin shirin binciken mata kimanin 280,000, aka sa hoton zafi cikin gwaje-gwajen. Kafin 1977 ta ƙare an cire shi, saboda yawan kuskurensa. Wani bincike da aka wallafa a wannan shekarar ya nuna cewa cikin kowane daji 100 da ke akwai, hoton zafi 39 kawai ya kama, mamogiram kuwa, wato hoton mama na asibiti, ya kama 78. Ku lissafa da kanku. Da a ce da hoton zafi kaɗai aka dogara, da mata 61 cikin 100 masu ɗauke da cutar an sallame su da takarda irin ta Goggo.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar a 1982 a matsayin 'yar rakiya kawai, wadda za a iya haɗawa da gwajin gaskiya. Masu talla sukan ɗauki wannan su ce "Amurka ta amince," su haɗiye sauran maganar. Ita wannan hukumar ce ta fito a 2011, ta sake fitowa a 2019, tana gargaɗin cewa hoton zafi ba ya maye gurbin mamogiram, kuma babu hujjar cewa yana gano daji shekaru kafin sauran gwaje-gwaje. Wancan batu na "shekara goma" kuwa, ni dai in tambaya: in hoto ya nuna ja yau, aka ce daji ne mai zuwa a shekara goma, aka sayar miki da ƙwayoyi, shekara goma ta cika ba ki kamu ba, wa zai ce ƙarya aka yi? Sai a ce maganin ne ya yi aiki. Ciniki ne da ba a faɗuwa.

Yadda take ɓoye mai ciwo, haka take tsorata mai lafiya. Mai shayarwa mamanta da ɗumi. Ƙurji, maruru, kusantowar al'ada, har tafiya cikin rana, duk suna sa hoto ya yi ja. Su kansu masu goyon bayan wannan hoto a ƙasashen waje suna sharɗanta ɗaki mai sanyi, wajen digiri 20, mace ta zauna kamar minti 15 jikinta ya huce kafin a ɗauka. To a Potiskum, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, cikin shago mai rufin kwano, babu wuta, mace ta sauko daga keke napep tana zufa, me kyamara za ta karanta in ban da rana?

Don kada in yi zalunci: a Indiya wani kamfani mai suna Niramai yana haɗa hoton zafi da kwamfuta mai koyon gane alamu, ana kuma ci gaba da gwada shi. Allah ya sa a dace, mu da mamogiram ya yi mana nisa mu za mu fi kowa murna. Sai dai ko a can, wadda aka ga alama a jikinta asibiti ake tura ta a yi mata hoton gaskiya.

Akwai kuma ƙanwar wannan na'ura da ta fi ta rashin kunya, wadda ake yawo da ita a kasuwanni da harabar masallatai. A ba ka ɗan ƙarfe ka riƙe, cikin minti biyu kwamfuta ta zubo maka labarin hantarka da ƙodarka da ƙashinka. A jihar da ciwon ƙoda ya addabi mutanen Gashuwa da kewaye shekara da shekaru, wasa da wannan batu rashin imani ne. Ƙoda da jini da fitsari ake auna ta. Hawan jini da abin ɗaurawa a dantse. Siga da ɗigon jini a yatsa. Ciwon hanta na B da gwajin jini. Dukkansu ana yin su a asibitocinmu, kuma sau da yawa kuɗinsu bai kai na robar ƙwaya ɗaya ba.

Na san abin da ke tura mata wurin waɗannan mutane: tsoro da kunya da rashin kuɗi. Ana cewa hasken mamogiram shi ke kawo daji. Hasken da mace ke samu a gwaji ɗaya daidai yake da wanda jikinta ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kamar mako bakwai tana zaune a tsakar gidanta. Matsa maman da ake yi akwai ɗan ciwo, amma na daƙiƙoƙi ne. Sai tsohuwar maganar nan ta iyayenmu cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne ba a kai mace asibiti sai ciwo ya riga ya ci jiki, in ta rasu bayan aiki sai a ɗora wa wuƙar likita. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 mata sama da 32,000 suka kamu da dajin mama a Najeriya, sama da 16,000 suka rasu. Mafi yawan masu zuwa asibiti a ƙasar nan sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa. Shekaru, gado, ƙiba da giya su ke ƙara haɗarin kamuwa da dajin mama, shayarwa tana rage shi.

Yanzu abin yi. Kowace mace ta san mamanta kamar yadda ta san tafin hannunta. Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki da kwana biyu ko uku, lokacin da mama ya saki, ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa ki duba. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda, ko ranar da aka ga wata. Wajen wanka, da sabulu a hannu, ki bi da cikin yatsu uku a shimfiɗe, kada ki mintsina, ki zagaye duka har cikin hammata da ƙasan ƙashin wuya. Abin da ake nema: ƙulli, ko fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini ya fito, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko mama ɗaya ya kumbura ya yi ja ba kya shayarwa. Kada ki jira ciwo. Dajin mama a farkonsa galibi ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Kuma ki kwantar da hankali, mafi yawan ƙullin mama ba daji ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, kyamarar zafi ma haka.

In kin ji wani abu, cikin makon nan ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In kunya ce, ki ce mace kike so ta duba ki, haƙƙinki ne. Daga nan a ba ki takarda zuwa babban asibitin Potiskum ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, tafiyar kilomita kimanin 100. 'Yar ƙasa da shekara 40 yawanci da sikanin ake fara mata, irin na masu ciki, don mamanta a cike yake. Wadda ta haura, mamogiram. Hukuncin ƙarshe sai an ɗebo ɗan nama da allura an duba a ɗakin gwaji. In magani ya kai ga asibitocin koyarwa na Maiduguri, Gombe, Kano ko Zariya, ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya batun asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta ce kada a wuce kwana 60 tsakanin zuwan mace asibiti da sanin sakamakonta. Kada a yi sakiya, kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a shafa ƙulli da abin da zai fasa shi. Addu'a da rubutu ba su hana shiga mota. Takardu kuma a adana su a leda ɗaya, a riƙa tafiya da su.

Ku kuma magidanta, wallahi da yawa daga jinkirin nan a wuyanku yake. Mace ta ce tana jin abu, a ce ta bari sai an sayar da wake, ko sai bayan kasuwar shanu. In tana tsoron a cire mama ne don kada ka yi mata kishiya, kai za ka cire mata wannan tsoron da bakinka. Maza ma suna kamuwa, kimanin ɗaya cikin 100 na masu cutar. Kuma duk inda mai gwaji shi ne mai sayar da maganin, ka ja hannun iyalinka ku fita.

Goggo sai da na haɗa ta da Kawu kafin ta yarda. An yi sikanin, an ɗebi naman ranar Alhamis, allurar ma ta ce ba ta kai ta haihuwa ba. An ce mu koma bayan mako biyu. Takardar mai launuka tana nan, na ga jikanta ya naɗe ta yana busa kamar algaita.