Zawo na ƙarar da ruwan jikin yaro: ga abin da za a yi

Manomi ya san hatsi idan ruwa ya ɗauke kwana goma: ganye ya lanƙwashe, kara ya yi laushi. Haka jikin ɗan adam yake. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne. Ga jariri kuwa, ruwan ya kusa kashi uku cikin huɗu.

Ruwan jiki ba ruwa ne tsura ba, da gishiri a cikinsa. Shi ya sa hawaye da zufa suke da ɗanɗanon gishiri. Makiyayi ya san wannan, tunda ƙarshen damina ake kora bisashe zuwa Ingal su lashi gishiri. Zuciya da jijiyoyi ba su aiki daidai sai da wannan gishiri.

Zawo da amai suna fitar da ruwan da gishirin gaba ɗaya. Sau da yawa wannan bushewar jiki ce ke kashe yaro, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abin da ake dubawa a gidan likita

Idan uwa ta kawo yaro mai zawo, ma'aikacin jinya yana aza shi bisa sikeli. Yana duba idanu ko sun faɗa, da baki ko ya bushe. Yana tambaya yaushe rabon yaro da fitsari. Sannan ya tsunkuli fatar ciki ya saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan ta tsaya a tattare, ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. Ga jariri, maɗiga tana faɗawa. Shafa magani bisa kai ba ya tada ta. Ruwa ne ya ƙare a jiki, ruwa ne zai maida ta.

Yaron da ke iya sha, ana zaunar da uwarsa awa huɗu tana ba shi ruwan magani da cokali. Wanda ya galabaice har ba ya iya sha, shi ake yi wa ƙarin ruwa ta jijiya.

Me ya sa ake haɗa gishiri da sukari?

Hanjin mai zawo ba ya tsotse gishiri da kyau idan shi kaɗai ne. Amma idan da sukari kaɗan, sukari yana jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa kuma ya bi su ya shiga jini.

A shekarar 1971 kwalara ta faɗa wa ƴan gudun hijira a Bangawon, cikin ƙasar Indiya. Ruwan jijiya ya ƙare. Wani lokotoro mai suna Dilip Mahalanabis ya sa dangin majinyata su dinga ba su wannan haɗi ta baki. Kafin haka, cikin majinyata 100 wajen 30 ke mutuwa. Bayan haka ba su kai 4 ba. Kwalarar nan ba baƙuwa ba ce: a 2021 ta shiga jihohin Maradi, Damagaram da Tawa.

Yadda ake haɗawa

Mafi kyau shi ne ƙunshin garin SRO na gidan likita. A juye ƙunshi ɗaya cikin litar ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin litar ɗaya. A ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Gishiri mai yawa haɗari ne ga yaro, sukari mai yawa kuma yana ƙara zawo.

Duk lokacin da yaro ya yi zawo a ba shi. Wanda bai kai shekara 2 ba, ƙaramin kofin shayi ɗaya ko biyu, cokali bayan cokali. Wanda ya fi haka, a ninka masa. Idan ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba sannu sannu. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo.

Tun 2004 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, da UNICEF suka ce a haɗa da ƙwayar zink, kwana 10 zuwa 14. Tana rage kwanakin zawo.

Kada a hana yaro nono ko kunu. Masu cewa ruwa na ƙara zawo sun yi kuskure. Kada kuma a zauna ana cewa haƙori ne.

Ranar da ba a jira

Idan yaro ya ƙi sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an ga jini a bayan gida, ko jiki ya yi zafi, ko zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, a ɗaura amalanke a nufi gidan likita ko da dare ne. A riƙa ba shi ruwan bisa hanya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansu wannan labari, ya nuna musu cokalin awo da kwalbar litar tun yaro yana lafiya.