Sassaƙar Baka: Aikin Hannun da Ya Dace da Matasan Abijan

Hausawan unguwannin Adjamé da Treichville na Abijan sun yi suna a fatauci da fawa da ɗinki, amma da wuya ka sami matashi a cikinsu da ya san yadda ake ɗaura tsirkiya. Alhali baka ba baƙo ba ne a tarihinmu. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, 'yan bakan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa, kuma har yau sarautar Sarkin Baka tana nan a masarautu da dama. A ganina, ya kamata matasanmu na Abijan su rungumi sassaƙar baka a matsayin abin yi na ranar hutu, domin tana koyar da haƙuri da lura, abubuwan da wayar hannu ba ta koyarwa.

Aikin kansa ne hujja. Za ka zaɓi miƙaƙƙen reshe marar gaɓa, ka ɓare shi, ka ajiye a inuwa na watanni har ya bushe. Hausawa na cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma bakan da aka ja da ɗanyen ice lanƙwashewa yake yi ya rasa ƙarfi. Daga nan sai kankara, ta ciki kawai, domin bayan baka shi ke ɗaukar nauyin ja, kuma ƙaramin rauni a wurin ya isa ya karya shi. Ka ja kaɗan, ka duba inda ya ƙi lanƙwasa, ka kankare wurin, ka sake ja, har ɓangarorin biyu su daidaita. Kibiya kuwa ta kyauro ce, tsininta daga maƙera.

Wani zai ce baka makami ne, birni ba wurinsa ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba a maganar dafi, kuma ba a harbi a lungu sai a filin da aka keɓe. Harbin baka wasa ne da ƙasar Kwaddibuwa ta amince da shi, har René Philippe Kouassi ya wakilce ta a Olamfik na Landan a 2012. Wani kuma zai ce ina ice a Abijan, tunda an haramta sara a gandun dajin Banco? Motocin da ke sauke kaya a tashoshin Adjamé daga arewa suna iya kawo sanduna da gora. Babbar matsala ita ce danshin bakin teku, wanda ke sa tsirkiyar fata ta saki. Maganinsa a shafe icen da man kaɗanya, a yi tsirkiya da zaren roba, a kwance ta bayan harbi.

Bakan kanti ya fi saiti, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan kasuwar tebur, kuma in ya karye sai an nemo wani daga waje. Wanda ya sassaƙa nasa da wuƙa da fasasshiyar kwalba ya san inda aibin yake, kuma zai iya koya wa ƙanensa.