Dashen gashi: abin da tallan da ke wayarka ba ya faɗa maka

Duk saurayin da ya taɓa rubuta "maganin sanƙo" a Google, ko ya tsaya daƙiƙa goma a kan bidiyon aski a TikTok, ya san abin da ke biyo baya. Kwana biyu ba za a yi ba sai tallan asibitocin Istanbul su cika masa Instagram da Facebook: hoton mutum kai fayau a hagu, a dama kuma ga shi da suma kamar ɗan shekara ashirin. A lokacin hutun rana a masana'antun Sharaɗa da Bompai za ka ga matasa suna miƙa wa juna irin waɗannan hotuna, ana tsokanar wanda gaban kansa ya fara janyewa. Wasa ake yi, amma a cikinsu akwai mai lissafin albashin wata nawa zai tara ya je.

Babu sihiri a yadda tallan ya gano ka. Kamfanin Meta yana sayar wa masu talla damar zaɓar jinsi, shekaru da gari, sannan tsarin nasa yana lura da abin da kake tsayawa ka kalla. Da zarar ka danna, sai a wuce da kai WhatsApp, inda wani zai ce ka turo hoton kanka ta gaba, ta sama da ta ƙeya. Mafi yawan lokuta wanda ke amsa maka ɗan kasuwa ne da aka ɗauka don ya shawo kanka, ba shi da takardar likita.

Shi aikin kansa ya girme wa wayoyin nan nesa ba kusa ba. Wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya rubuta a kansa tun 1939. A 1959 Norman Orentreich na New York ya wallafa abin da ya zama ginshiƙin sana'ar: gashin da aka ciro daga ƙeya yana riƙe halinsa duk inda aka dasa shi. Sanƙon gado yana faruwa ne saboda sinadarin DHT da ke cikin jiki yana ƙanƙantar da saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai, amma na ƙeya da gefe ba ya jin wannan sinadari sosai. Shi ya sa dattijo mai sanƙo yake da gashi a zagaye.

A nan ne abin da ya fi muhimmanci yake. Dashe ba ya ƙara maka ko sili ɗaya. Kwaso shi ake yi daga baya a kai gaba, kamar ka kwashe fayil daga katin memori zuwa cikin waya: wuri ya sauya, adadi bai ƙaru ba. Saiwar da aka cire daga ƙeya ba ta sake tsirowa a wurin. Idan asibiti ya kwashe fiye da kima don ya cika alƙawarin da ya yi maka a WhatsApp, ƙeyar za ta zama fili-fili kamar mai makero, kuma samun na gyara zai yi wuya.

Hanyoyin biyu ne a asali. A tsohuwar, FUT, ana yanko siririn fatar ƙeya a ɗinke, sai a rarraba ta a ƙarƙashin madubin likita. Tana barin tabo dogo, wanda mai yin ƙwal-kwabo ba zai iya ɓoyewa ba. Ta biyun, FUE, wadda William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana a 2002, ana amfani da ƙaramin bututu mai kaifi da faɗinsa bai wuce milimita 1 ba, a ciro saiwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace saiwa tana ɗauke da sili 1 zuwa 4. Sauran sunayen da kake gani a talla, irin su DHI da Sapphire, duk FUE ce. A DHI ana dasawa da wani alƙalami da aka ƙirƙiro a Koriya ta Kudu, a Sapphire kuma wuƙar tsaga fatar ce aka yi da dutse maimakon ƙarfe. Ni a ganina sun fi kama da yadda kamfanin waya ke ƙara "Pro" a bayan suna.

Akwai ma mutum-mutumi. Na'urar ARTAS ta samu amincewar hukumar FDA ta Amurka a 2011, tana amfani da kyamarori ta auna kusurwar kowane gashi kafin ta huda. Sai dai amincewar farko ta kasance ga maza masu miƙaƙƙen gashi baƙi ko ruwan ƙasa, kuma wannan ya kawo mu ga matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata. Bututun miƙaƙƙe ne. Hannun da ya saba da kan Bature ko Balarabe zai iya yanke saiwoyi da yawa kafin su fito, kuma wadda aka yanke takan lalace. Ƙari a kan haka, baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai kumbura ya yi tudu. Wanda ke fama da ƙurajen ƙeya bayan aski, ko wanda tsohon rauninsa ya taɓa yin tudu, ya fara ganin likitan fata, misali a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kafin ya yi maganar biza. Likitan ne kuma zai tantance ko sanƙon gado ne ko wata cuta ce ta fatar kai, wadda dashe ba zai yi mata komai ba.

Labarin waɗanda aka yi wa aikin kusan iri ɗaya ne. Allurar kashe zafi ita ce mafi ciwo, aikin kuma yakan cinye yini guda. Goshi yakan kumbura kwana biyu zuwa uku. Bayan 'yan makonni gashin da aka dasa yakan zube, hankalin mutum ya tashi, alhali haka tsarin yake. Sabo yana fara fitowa a wata na 3 ko na 4, cikakken sakamako sai an kai shekara. Wayne Rooney, da ya sanar da nasa dashen a Twitter a 2011 yana ɗan shekara 25, ya sake komawa a 2013. Dalili a fili yake: gashin asali da ke kewaye da dashen yana ci gaba da zubewa. Saboda haka ne likitoci ke haɗawa da minoxidil ko finasteride, magungunan da ake daɗewa a kansu, kuma na biyun yana iya taɓa sha'awar namiji ga wasu. Kada ka saye su a hannun mai talla a TikTok ba tare da likita da lambar NAFDAC ba.

Ga ma'aikacin masana'anta akwai lissafin da tallan ba ya yi. Kwanaki goma zuwa sha huɗu na farko ba a so ƙura, gumi, zafin rana ko wani abu mai matse kai ya taɓa wurin. To yaya mai aiki a majemar Challawa ko kamfanin roba a Sharaɗa zai yi da hular kwano? Ko hular gida ma sai an jira, kuma ya kamata ka tambayi likita yadda za ka yi sujada a kwanakin farko. Idan ba ka da hutun mako biyu a hannu, aikin zai iya lalacewa bayan ka riga ka biya.

Haɗari mafi girma shi ne wanda zai riƙe wuƙar. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi kan wuraren da likita ke leƙowa ya gaisa ya fita, ya bar aikin ga waɗanda ba su da lasisin tiyata. A 2024 jaridun Faransa sun ruwaito labarin wani ɗalibi da aka yi wa dashen gemu a Istanbul, daga baya ya gano cewa wanda ya yi masa aikin dillalin gidaje ne.

Wayar da ta kawo maka tallan za ta iya taimaka maka ka tantance shi. Saka hoton "kafin da bayan" a Google Lens, ka ga ko asibitoci biyar ne ke iƙirarin mutum ɗaya. Shiga Meta Ad Library ka rubuta sunan asibitin, za ka ga tallan da suke yi yanzu da lokacin da aka buɗe shafin. Ka lura da haske: hoton farko da fitila a saman kai da jiƙaƙƙen gashi, na biyu a inuwa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana maka suma ba su san yawan saiwar ƙeyarka ba, fenti kawai suke yi. Nemi bidiyo na mutum mai irin gashinmu, ana taje kan a fili har ƙeya, bayan wata 12. Nemi cikakken sunan likitan da zai yi tsagar da kansa. Idan a Najeriya ne, a Abuja ko Legas, ka tambayi lambar rajistarsa ta hukumar MDCN. Kafin ka tura ko sisi na kafin alƙalami, su rubuta maka wa zai duba ka idan wurin ya yi ruwa bayan ka dawo Kano.