Yadda Ake Koya wa Mai Zullumi Barci

Daga cikin wahalhalun da ke samun baligi, waɗanda ba su barin rauni a jiki balle a gani a yi masa sannu, kaɗan ne suka kai rashin barci cin rai. Domin mutum yakan kwanta a gajiye liƙis, gida ya yi tsit, amma zuciyarsa ta tashi tsaye tana ƙididdige masa bashi da kuɗin makarantar yara da baƙar maganar da aka faɗa masa da rana, har a kira assalatu bai runtsa ba. Likitoci ba su ƙirga shi cikin cututtuka masu daɗewa sai yana aukuwa aƙalla dare 3 a mako, ya ɗauki wata 3 ko fiye, yana kuma ɓata wa mutum yininsa. Bisa wannan ma'auni kuwa, kusan mutum 1 cikin manya 10 yana fama da shi.

Wani masani Ba'amurke, Arthur Spielman, ya kasa sabuban cutar kashi uku: halittar mutum, in dama mai saurin firgita ne, musibar da ta tayar da ita, kamar rasuwa ko karayar arziki, sa'an nan ɗabi'un da ke raya ta bayan musibar ta wuce. Na ukun nan shi ne abin lura. Wanda ya rasa barci yakan shiga neman ramuwa, ya kwanta tun da aka idar da isha'i, ya makara da safe, ya tsawaita kailula, ya riƙa duba agogo yana lissafin abin da ya rage na dare, har tsoron rashin barcin ya maye gurbin damuwar farko, jiki ya saba da cewa shimfiɗa fagen fama ce, yana ganinta zuciya ta soma bugawa. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da maigidan ke zaune da fitila yana dakonsa.

A nan ne aikin mai horar da masu rashin barci yake, kuma mafi yawansa raba mutum ne da ƙoƙarin da ya zame masa illa. Horon yakan ɗauki zama 6 zuwa 8, ana farawa da littafin da mutum zai riƙa rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa har mako 2. Ƙa'idodin farko Richard Bootzin ne ya shimfiɗa su a 1972: kada a hau gado sai barci ya zo sosai, in an yi kamar minti 20 ido biyu, a tashi a koma wani wuri a yi abu mai natsuwa har gyangyaɗi ya dawo, a kuma tashi a lokaci guda kullum, ko da daren ya yi muni. A 2016 ƙungiyar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da wannan hanya kafin a kai ga ƙwaya.

Ƙa'ida mafi ɗaci, wadda Spielman ya bayyana a 1987, ita ce taƙaita zaman gado. In littafi ya nuna mutum yana kwanciyar awa 9 alhali barcinsa awa 6 ne, sai a ce awa 6 ɗin kaɗai aka yarda masa, ba a dai sauka ƙasa da 5. Idan barci ya cika kashi 85 cikin 100 na wannan lokaci, a ƙara masa minti 15, a bi haka mako bayan mako har ya kai gwargwadon bukatarsa. Makon farko akwai wuya ƙwarai, kuma a nan ne mutane da yawa ke sarewa in babu mai ƙarfafa musu gwiwa. Amma hikimar ƙa'idar a fili take, domin gajiyar da aka hana ta tsiyaya a kailula da juye-juye takan taru ta rinjayi wasuwasi. Musulmi ma yana da sauƙi guda, tun da asuba ta riga ta tsayar masa da lokacin tashi, sai dai ya lissafo na kwanciya daga gare ta.

Saura zuciya. Akan sa mutum ya keɓe ɗan lokaci kafin magariba ya rubuta abin da ke damunsa da matakin da zai ɗauka gobe, don kada su biyo shi ɗaki. In ya ce, "Idan ban yi barci yau ba, gobe na kaɗe," sai a buɗe littafinsa a nuna masa ranakun da ya kwana ido biyu ya kuma fita ya yi harkarsa. Zikiri da addu'ar kwanciya suna sanyaya rai, amma a ganina wajibi ne a yi su don kansu, domin wanda ke jan carbi yana leƙen ko barci ya iso ya koma gadin nan da aka hana shi. Goro da shayi da kofi kuwa a bar su tun kafin la'asar, saboda rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa 5.

Ba kowa ne ya dace da taƙaita barci ba. Mai farfaɗiya, da mai ciwon ƙwaƙwalwa irin wanda hali ke hawa da sauka, da direban doguwar hanya, kada su soma sai da izinin likita. Haka wanda ke minshari numfashinsa na ɗaukewa, tasa cutar daban ce, gwaji take bukata. Wanda ya daɗe yana shan ƙwaya irin su diazepam kada ya yanke ta farat ɗaya, likita ne zai rage masa sannu a hankali. Kuma tun da kowa na iya kiran kansa malamin barci, haƙƙin mai nema ne ya tambayi inda mutum ya yi karatu da hanyar da yake bi kafin ya biya ko sisi.