Tafiya da Ƙafa Magani Ce ga Mai Ciwon Zuciya

Al'adarmu ce tun kaka da kakanni, in mutum ya tashi daga ciwo mai tsanani, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a hana shi ko ɗaukar buta. Kowa ya zo dubiya sai ya ce, "Sannu, Malam, a dai riƙa hutawa." Wannan tausayi ne, ba mai musu. Amma akwai ciwon da yawan kwanciya ke ƙara wa ƙarfi, watau toshewar jijiyoyin zuciya. Muna so akawuna da malaman makaranta na ƙasar Boɗinga da ta Shagari su karanta wannan bayani a natse, gama su a ke kai wa takardar asibiti su fassara in ta iso gida.

Ita zuciya tsoka ce da ba ta hutawa dare da rana, tana kuwa da jijiyoyinta na kanta masu kai mata jini. In kitse ya taru a cikinsu sai hanya ta ƙuntata, kamar yadda yashi ke cike magudanar ruwa a lambu, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri. Ran da gudan jini ya toshe hanyar ɗungum, sai wani sashe na tsokar ya mutu. Shi a ke kira bugun zuciya.

A da an ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Yanzu gani ya kori ji. Daga 2013 zuwa 2018 likitocin Nijeriya, a ƙarƙashin Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sun tattara bayanin masu irin wannan ciwo su 1,072. Wajen kashi biyu cikin uku maza ne, matsakaicin shekarunsu kuwa 59. Watau magidanta ne da a ke dogara da su.

Su ma likitocin Turai sun daɗe suna kan irin ra'ayinmu. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda zuciyarsa ta buga a kan kwantar da shi kamar mako shida, ko abinci sai a ba shi a baki. Da yawa suka rasu saboda gudan jini da ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. A 1952 likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka ba da labarin majinyatan da suka tayar daga gado suka zaunar a kujera tun kwanakin farko, ga shi kuwa sun fi samun sauƙi. A 1966 aka kwantar da samari biyar lafiyayyu mako uku cur a birnin Dallas. Da suka tashi aka tarar ƙarfinsu na jure aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. To, in kwanciya ta yi wa saurayi haka, ina ga dattijo mai tabo a zuciya?

Ga kuma wanda ya shafi ma'aikacin ofis. A 1953 Dokta Jeremy Morris ya gwada direbobin bas na Landan, masu wuni a zaune, da kwandastocinsu masu hawa da sauka a benen motar. Ya tarar ciwon ya fi kama direbobi. Haka kuma akawunan gwamnati sun fi masinjoji masu raba wasiƙu kamuwa da shi. Kai da ka ke hawa babur daga ƙofar gida zuwa sakatariya, ka zauna a tebur har azahar, sai ka duba wane ɓangare ka ke.

Tun daga nan an yi ta gwaji. A 2016 masana suka haɗa gwaje-gwaje 63 na mutum 14,486, suka ga masu ciwon da aka sa su motsa jiki bisa tsari, mutuwarsu ta dalilin zuciya ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, komawa asibiti ma ta ragu. Dalili shi ne, tsokar jiki in ta saba da aiki ba ta wahalar da zuciya, hawan jini ya kan sauka, sukari ya daidaita, tsoro kuma ya bar mutum.

A Amurka a kan je asibiti sau uku a mako har mako 12, ana tafiya bisa na'ura likita na duba. Mutumin Shagari ko na Sifawa ba zai iya biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato sau 36 ba. Abin farin ciki shi ne, an gwada an ga wanda ya yi a gida bisa umurnin likita, amfaninsa bai kasa na mai zuwa asibiti ba, muddin ciwonsa ya lafa.

Ga yadda a ke yi. Da fari sai likita ya auna mutum ya ba shi izini, kada kowa ya fara da ka. Sa'an nan a soma da tafiyar minti 5 zuwa 10 a wuri mai laushi ba tudu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, har a kai minti 30, kwana biyar a mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin sauri kuwa a baki ya ke: in kana iya hira da abokin tafiya, daidai ne, in magana ta gagara, ka rage. A fara a hankali, a kuma gama a hankali.

Da bazara, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40, sai a fita bayan asuba ko dab da magariba. Da hunturu a bari rana ta ɗan ɗago, gama sanyi ya kan tayar da ciwon ƙirji. Kada a fita da cikakken ciki. Huɗa, da jan guga, da ɗaukar buhu, duk su jira izinin likita, haka nan maganar azumi. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take. In ya huta 'yan mintoci bai sake shi ba, a nufi asibiti da shi, kada a tsaya kemis. Tafiyar kuma ba ta ɗauke wa kowa shan magani da barin taba da rage gishiri da maiƙo ba.

Saura aikin dangi. Maimakon a taru a zaure ana ta sannu, a sami ɗa ko aboki ya riƙa raka majinyaci, a rubuta mintocin kowace rana a ɗan littafi, a kai wa likita ran komawa. Uwargida ma in ita ce ba lafiya, tsakar gida ya ishe ta zagayawa. Malami kuwa ya faɗa wa almajiransa su kai gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.