Tocila mai ƙwan LED: yadda za a zaɓe ta, da yadda za a ƙara mata ƙarfi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga damana ta kusa. Kowa ya san abin da ke fitowa da dare idan ƙasa ta jiƙe. Kububuwa da dare take yawo. Kunama ma haka. Mutum ya fita bayan gida, ko ya je duba garken awaki, ya taka abin da bai gani ba. Daga nan sai neman amalanke, sai doguwar tafiya zuwa likita. Ma'aikatan lafiya suna yawan faɗa: a sa takalmi, a riƙe haske. Saboda haka tocila ba kayan ado ba ce. Kayan aiki ce, kamar hauya da gatari.

Amma tocila ta cika kasuwa. Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Katako ta Yamai zuwa ƙaramar kasuwar mako ta ƙauye, ga su nan tuli a kan tebur, ja da kore da baƙa. Yawancinsu daga ƙasar Sin ake kawo su. Wata ta yi shekaru tana aiki. Wata ba ta kai kasuwa ta zagayo. Ta yaya mai saye zai bambanta su?

Mene ne LED?

Tsofaffinmu sun san tocilar da, ta ƙarfe, mai ƙwan gilashi. A cikin ƙwan akwai wata siririyar waya. Wuta ta bi ta cikinta, ta yi zafi, ta yi haske. Yawancin ƙarfin pil a zafi yake tafiya, kaɗan ne ke zama haske. Idan tocilar ta faɗi, wayar ta tsinke, shi ke nan.

Ƙwan LED ba shi da wannan waya. Ɗan ƙanƙanen abu ne, launinsa rawaya idan yana kashe. Faɗuwa ba ta tsinka shi. Ba ya cin pil kamar na da. Masana uku na ƙasar Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda ake yin LED mai shuɗin haske. Daga shuɗin ne aka samu farin da muke gani yau. An ba su babbar kyautar Nobel a 2014.

Abu biyu ke kashe ƙwan LED: zafi, da wutar da ta fi ƙarfinsa. Idan ya tsira daga waɗannan, yana yin dubban awoyi. Shi ya sa idan tocila ta daina kamawa, kada a yi saurin cewa ƙwai ya mutu. Sau da yawa laifin na makunni ne, ko na pil, ko tsatsa.

A fara duba pil, kafin a duba haske

Mai saye yakan kunna tocila, ya ga haske, ya biya. Wannan kuskure ne. Kuɗin tocila sau ɗaya ake biya. Kuɗin pil kuwa kullum ne. A buɗe gindinta tukuna, a ga abin da take ci.

Akwai mai cin manyan pil, waɗanda wasu ke ce wa duwatsu, irin na rediyo. A jikinsu an rubuta R20. Akwai matsakaita, R6, masu kaurin yatsa. Akwai ƙanana, R03. Dukansu ƙarfinsu ɗaya ne, an rubuta 1,5 V. Harafin V yana nufin bolt, wato ma'aunin ƙarfin wuta. Bambancin yana ga yawan abin da ke ciki. Babban pil kamar randa ne, ƙaramin kamar buta. Ruwa ɗaya ne, amma na randa ya fi daɗewa, nesa ba kusa ba.

Ƙananan tocilolin da ke cin R03 guda 3 suna da kyaun gani, suna shiga aljihu. Sai dai cin kuɗi gare su. Mu yi lissafi, kamar yadda muke yi a makaranta. A ce, misali, ƙaramin pil ɗaya dala 10 ne. Guda 3 sun kama dala 30. Idan kowane mako ana canza su, a wata ɗaya dala 120 ke nan. A wata 5 an kashe dala 600, wato jika 3. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu, ya sake lissafin. Ga mai zama nesa da wurin caji, a ganina mai cin R20 guda 2 ita ce ta fi. Tana da nauyi, amma ba ta ba da kunya.

Sai kuma masu caji. Su ma iri biyu ne. Akwai ta roba mai ɗan nauyi, wadda ke da haƙora biyu a gindi na sokawa a wutar bango. Yawanci batirin dalma ne a cikinta. Shi wannan batir ba ya son a bar shi babu komai a ciki. Da haske ya fara raguwa, a kai caji. Idan aka jefa ta cikin akwati wata biyu ko uku a ƙare, ba ta sake tashi kamar da.

Ɗayar tana da batirin litiyom, ɗan'uwan na salula. Wanda aka fi gani an rubuta masa 18650. Lambar ba ta banza ba ce: kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Ƙarfinsa 3,7 V. Ana yi masa caji ɗaruruwan lokuta. Inda ake da allon hasken rana, wanda ake ce wa pano, ko mai cajin salula a gari, wannan ce mai sauƙin kuɗi a kan dogon lokaci.

Amma a yi hattara da rubutun ƙarya. A jikin batirin akwai lamba tare da haruffa mAh, wato yawan wutar da yake ɗauka. Na gaskiya ba ya wuce wajen 3500. Idan ka ga an rubuta 9900, an yi maka ƙarya tun kafin ka biya. A auna shi a hannu kuma. Na kirki yana kai wajen giram 45. Wanda ya yi shafal kamar kara, ba abin kirki a cikinsa.

A gaban mai tebur

Kada ka ji kunyar mai kaya. Ɗauki tocilar, kunna, kashe, har sau goma. Makunni ya kama kowane lokaci. Bar ta a kunne, ka girgiza ta, ka ɗan buga ta a tafin hannu. Idan hasken yana ƙiftawa, haɗin cikinta ba shi da kyau. Ajiye ta.

Kada yawan ƙwai ya ruɗe ka. Ni kaina na taɓa sayen wata mai ƙananan ƙwai fiye da goma a wata kasuwar mako. Ranar farko ta haska gida kamar farin wata. Kafin girbi, ƙwai suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har saura uku. Ƙwai ɗaya mai kyau, a zaune kan ƙarfe wanda ke kwashe masa zafi, ya fi goma da aka lika a roba.

Duba gindinta. Murfin ya murɗu sumul, ba tare da cijewa ba. Idan akwai ɗan baƙin zoben roba a wurin murɗawa, madalla. Shi ke hana ruwa da ƙura shiga. A kwalin wasu an rubuta IPX4, ma'ana tana jure yayyafi. IPX7 kuwa tana jure faɗawa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Sai dai kwali yana iya faɗin abin da ya ga dama. Zoben da idonka ya gani ya fi rubutu.

Akwai masu kai da ake ja gaba da baya, haske ya faɗaɗa ko ya tsuke. Yara suna son su. Amma duk ja ɗaya, tana shaƙar iska da ƙura zuwa ciki. A ƙasarmu ta hunturu, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Nemi wadda ke da haske hawa biyu, mai ƙarfi da mai sauƙi. Ba kullum ake bukatar hasken da ke kai bayan gari ba. Neman ashana a ɗaki, ko duba jariri, ƙaramin haske ya isa, pil kuma ya daɗe ninki-ninki. Farin haske tas, ko mai ɗan rawaya, ya fi mai shuɗi-shuɗi. Shuɗin yana gajiyar da ido wajen karatu, yana kuma canza launin abu. Ungozoma da mai duba ciwon dabba su lura da wannan.

Gyare-gyaren da kowa zai iya

Tocila mai araha ana iya mayar da ita mai ƙarko, ba tare da kashe ko dala ba.

A samo tsohuwar robar cikin tayar keke. A yanka ta zobe-zobe, faɗin yatsa biyu. A sa ɗaya a kan tocilar, ɗaya a gindi, ɗaya a tsakiya. Idan ta faɗi, robar ce ke shan bugu. Ba ta suɓucewa daga hannu mai gumi. Zoben da ya rufe bakin murfi kuma yana tare ƙura. Sannan a ɗaura mata igiya, a rataya a wuya ko a wuyan hannu. Tocila nawa ce ke kwance a ƙasan rijiya don rashin igiya?

Da wannan robar dai ana yin maɗaurin kai. A yanka doguwa daidai zagayen kai, a ɗaure ƙaramar tocila a gefen kunne. Hannu biyu sun samu ƴanci. Masu ban ruwan albasa da asuba a Galmi da Madawa, da mai tatsar nono, da mai taimakon saniya wajen haihuwa, duk za su ji daɗin wannan.

Tocila tana harba haske wuri ɗaya. Idan ana son ta haska ɗaki, a cika farar gorar roba da ruwa, a jingina bakin tocilar a jikinta. Ko a kifa mata farin kofin roba. Haske zai bazu ko'ina. Mutum uku ko huɗu za su iya buɗe littafinsu a kewaye da ita, babu hayaƙin kananzir, babu tsoron gobara a ɗakin ciyawa.

Idan ta fara ƙiftawa, a fitar da pil. A duba murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin murfi. In ta yi tsatsa, a goge ta da takarda mai kaushi ta kafinta, ko a kankare da bakin wuƙa har ƙarfe ya yi fari. In ta lanƙwashe ta daina tura pil, a ja ta kaɗan ta miƙe. A goge kan pil da gindinsa da busasshen tsumma. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In waya ce ta cire a ciki, ko makunni ya lalace, mai gyaran rediyo zai lika da dalma.

Wanda ke da tsohuwar tocilar ƙarfe ta mahaifinsa, kada ya yar. Jikinta ya fi na yawancin sababbi. Ana yin ƙwan LED mai irin gindin tsohon ƙwai, a cire wancan a sa wannan. A tambayi masu sayar da kayan wuta a birni, a tafi da tsohon ƙwan don a gwada. Mai pil 2 tana son ƙwan 3 V. Mai pil 3 tana son na 4,5 V. A sani kuma, LED ta hanya ɗaya kawai wuta ke bin sa. Idan an sa sabo bai kama ba, a juya pil a gwada kafin a ce ya lalace.

Gyara ɗaya ne ba a yi: ƙara wa tocila ƙarfin da ba nata ba. Wasu samari sukan haɗa ta da batirin babur, ko su cusa na litiyom a wadda aka yi don pil ɗaya na 1,5 V. Za ta yi haske mai ban mamaki na ɗan lokaci, sannan ƙwai ya ƙone.

Kula da pil

Kada a haɗa tsohon pil da sabo. Tsohon yana janye sabon, kuma shi ne ke fara yoyo. Pil ɗin da ya ƙare a fitar da shi nan da nan. Ruwan da ke fita daga jikinsa yana cin ƙarfe, shi ne ajalin tociloli da yawa. In ya riga ya zuba, a kankare, a goge, a bar wurin ya bushe, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko abinci. Idan za a ajiye tocila a jaka don tafiya, a sa ƴar takarda tsakanin pil da murfi, don kada ta kunna kanta a hanya.

Dabarar shanya pil a rana, ko dafa shi, ko cizonsa don ya farfaɗo, a bar ta. Abin da ake samu bai kai haɗarin ba. Batirin litiyom kuwa ya fi kowane tsoron zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, kada a bar shi kan kwanon rufi ko a cikin rana. A sa pano a rana, tocila a inuwa. Kada a sa shi tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko kuɗin ƙarfe. Wanda ya kumbura, ko rigarsa ta yage, a daina aiki da shi, don yana iya kama wuta. Kada a yi caji a kan katifa ko kusa da zana.

Matattun pil ba abin wasan yara ba ne. Kada a fasa su, kada a jefa su a murhu. A tara su a gwangwani mai murfi, nesa da rijiya, nesa da rumbu, inda yaro da akuya ba za su kai ba. A hana yara haska wa juna ido, domin hasken LED mai ƙarfi yana cutar da gani.

Akwai kuma wata ƴar tocila mai haske shuɗi-shuɗi mai duhu, an rubuta mata UV. Ba ta haska hanya, ba a karatu da ita, ba a kuma kallon ƙwanta. Amma idan haskenta ya sauka a kan kunama, jikin kunamar yakan yi walƙiya, kore-kore, ko tana maƙale a bango ko a gefen tabarma. Gidan da kunama ta dama, ana iya zagaya ɗakin yara da ita kafin a kwanta.