Ƙarancin Iska da Sankarar Fankiriyas

Fankiriyas wani sashen jiki ne da ke kwance a bayan tumbi. Shi ke fitar da ruwan narkar da abinci, shi ke kuma yin insulin mai daidaita sukari a jini. Sankarar da ke kama shi tana da wuyar magani ƙwarai, kuma ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne ƙarancin iskar oksijin a cikin ƙarin.

Ƙarin yakan kewaye kansa da nama mai tauri wanda ke matse jijiyoyin jini. Jini ya ragu, iska ta ragu. Mai karatu zai zaci ƙarin zai shaƙe ya mutu, amma ba haka abin yake ba.

A cikin ƙwayoyin jiki akwai wani furotin da ake kira HIF. Muddin iska ta wadata, jiki yakan rushe shi nan da nan. In ta ƙaranta kuwa, sai ya taru, ya tada ɗaruruwan ƙwayoyin gado daga barci. Wasunsu su sa a tsiro da sababbin jijiyoyin jini, wasu su sa ƙwayar ta riƙa zuƙar sukari, wasu kuma su ba ta ikon ɓallewa ta bazu zuwa hanta. Gano wannan tsari ne ya sa aka ba William Kaelin da Gregg Semenza na Amurka, da Peter Ratcliffe na Ingila, lambar Nobel a 2019.

Watau ƙarin na amfani da dabarar kare jiki don ya cuce shi. Har ila yau, gashi da haske ba ya ci sosai inda babu iska, magani kuma ba ya isa inda jini bai kai ba.

Saboda haka, jama'a, a kula da alamu: shawara, rama ba dalili, fitsari mai duhu, ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, ko ciwon sukari da ya bayyana farat ɗaya ga dattijo. Mutumin Malkohi ko Jimeta ya garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, na sauran wurare su nufi babban asibiti mafi kusa. Ƙarin da aka gano kafin ya bazu ana iya cire shi da tiyata. A kuma bar shan taba, domin tana cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar.